Humrar Hajja da Kunnen Yusra

Anti Ammatullahi, don girman Allah ki ba ni shawara, kaina ya kulle. A gida na rasa wanda zan gaya wa, a wurin aiki kuma kunya ta hana ni buɗe baki.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen kunne na wani asibiti a nan Maiduguri, ina kuma cikin ƙungiyar likitoci da ma'aikatan lafiyar kunne. Bara ƙungiyar ta sa mu binciken abin da ake ɗiga wa yara a gida idan kunnensu yana zubar da mugunya. Mun ji ruwan albasa, mun ji man gyaɗa. Amma wanda ya fi yawa a unguwannin da muka zaga turare ne. Kin dai san mu da ƙamshi. Uwa ba ta iya jure a ce ɗanta yana wari cikin mutane, sai ta ɗiga masa humra. Wari ya ɓuya, ciwo yana ta ci a ciki, ba a zuwa asibiti sai ji ya tafi.

To Anti, wadda ake kai wa yaran a layinmu na Bulabulin, mahaifiyata ce. Hajja ta yi suna wajen haɗa humra, amare daga unguwar Gwange ma wurinta suke zuwa. Na kunnen kuwa kyauta take yi, sadaka ce a wurinta, har alewa take ba yaro idan ya yi kuka.

Yusra, 'yar yayana Hamid, tun tana goye Hajja ke ɗiga mata. Ni na duba ta da hannuna: dodon kunnenta na hagu a huje yake, da ƙyar take ji da shi. A makaranta an ce taurin kai gare ta, har dukanta ake yi. Hajja kuwa da ita take kafa misali, wai ga jikarta nan ta warke ras tun da warin ya ɗauke. Sau ɗaya na gwada yi mata maganar, ta yi dariya ta ce ni ma an ɗiga mini, ga ni ina ji har ina musu.

Yanzu shugabarmu, Dakta Modesta, ta ce ni zan jagoranci wayar da kan mata a Bulabulin, tunda 'yar unguwa ce ni kuma ina jin Kanuri. Ta yaya zan tsaya gaban matan da suka san ni tun ina yawo ba ɗankwali, in ce a daina? Kowa ya san da wa nake. Na yi niyyar in ce a tura wata. Sai shekaranjiya na ɗauki ƙanen Yusra, Mikail, yana ta jan kunne, na sunkuya na ji ƙamshin humra a ciki. Tsoro nake ji, Anti. Ina tsoron fushin uwata, ina tsoron yaron nan ya bi sahun yayarsa.

'Yarki a Bulabulin

AMSA

'Yata, sannu da wannan nauyi. Amma kin haɗa abu biyu wuri guda, ɗaya zai iya jira, ɗaya ba zai iya ba. Taro zai jira. Kunnen Mikail ba zai jira ba. Gobe ki sami Hamid da matarsa ki gaya musu gaskiya, a kai yaron wurin likita, a kuma sanar da malaman Yusra cewa ba ta ji sosai ne, su dawo da ita gaban aji su ajiye bulala.

Hajja ba muguwa ba ce. Abin da ta gada take yi, da zuciya ɗaya, kuma kina da gaskiya da kika ƙi a tozarta ta. Sai dai ko wata aka tura, maganar za ta iso ta, a bakin 'yan layi, da gishiri. Wannan ya fi ciwo.

Kada ki sake yi mata musu a tsakar gida, ba za ki ci ba. Ki roƙe ta ta raka ku asibiti a matsayinta na kaka. Ki nemi Dakta Modesta ta ba ta fitilar duba kunne ta leƙa na Yusra da idonta, a yi mata bayani a hankali, ba tare da an ɗora mata laifi ba. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi kuka. Ki zauna kusa da ita, kada ki tashi.

Taron kuma ki karɓa, kada ki gudu. Idan Hajja ta sauko, ki nemi ta zauna a gefenki ranar. Matan nan za su saurare ki su koma gida su yi abin da suka saba. Amma ranar da uwa ta kawo ɗanta ƙofar Hajja, Hajja ta rufe kwalba ta nuna mata hanyar asibiti, aikin ƙungiyarku ya shiga Bulabulin.

Allah ya ba yaran lafiya, ya sanyaya zuciyar Hajja, ke kuma ya ƙarfafa taki.