Bedi a Ƙofar Ɗakin Aro

Dakoro, 3 ga Agusta, bayan isha'i

Yau ranar 'yancin Nijar. Ko tiya ɗaya ta gero ban sayar ba, duk gari ya tafi dashen itatuwa, har 'yan lakwal, wato 'yan makaranta. Abin ya ɗaure mini kai. Mu a Najeriya ɗaya ga Oktoba sai fareti da jawabi, a watse da yunwa. Wani direba ɗan Benin ya ce tasu shekaranjiya aka yi, ta Burkina kuma jibi. Ko su me suke yi?

Da la'asar Alhaji Idi mai gidana ya shigo. Tun da aka sa ranar auren ɗansa nake jiran a ce in bar ɗakin. Sai ya miƙo mini ɗan bedi a leda, itacen da mu muke kira darbejiya.

Na ce, "Alhaji, ai baƙo ba ya dasa itace a ƙasar aro."

Ya ce, "Na sani, Bakano, shi ya sa na ba ka. Ruwa za ka ba shi, ba jawabi irin naku ba."

Na dasa, ashe ba korata ya zo yi ba. Na sha zagin garin nan a zuci, amma daga yau na daina. Gobe da sassafe zan nemo ƙaya, saboda awaki.