Hoton Baba na Ƙarshe

Yaya Habiba,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya Alhaji da yara? Ya ƙarin haƙurinmu?

Hoton Baba da kika roƙa, ɗaya kawai na ɗauka kafin rasuwarsa, kuma bai yi ba. Kunya ta hana ni matsawa kusa, daga bakin zaure na tsaya. Tabarma ta cinye rabin hoton, taga na bayansa, fuskarsa ta yi duhu.

Na kai wa mai hoto a Jakara. Ya ce, "Malam, ai da ka durƙusa daidai fuskarsa, taga a bayanka. Wannan ba ya gyaruwa."

Kullum ina durƙusa masa, Yaya, amma kaina a ƙasa.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida Alhaji. In yara sun tambayi kamanninsa, ki kwatanta musu da baki.

Ƙaninki,
Sani