Wace Ce "Wata Tsohuwa", Sada?

Zuwa ga yayana Sada, ɗalibi a ƙasar Ingila.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya sanyi, ya karatu, ya baƙunta? Baffa yana gaishe ka. Shanu lafiya, gero ya yi kyau bana. To, na sauke farali, saura magana.

Wace ce "wata tsohuwa"? Kai nake tambaya. A jaridar nan ka rubuta, shi ya sa na biyo ka cikinta, don waɗanda suka yi dariya su ji abin da suka yi wa dariya.

Wata uku ke nan da gwamnati ta sa ka cikin ɗaliban da aka yi musaya da su. Kuɗin mai ya buɗe, ana ta kwasar 'yan makaranta zuwa waje, amma a iya sanina ba a taɓa yin ɗan Zakka da ya hau jirgin sama ba sai kai. Ranar kasuwa direban a-kori-kura ya zo mini da jarida daga Katsina, ga hotonka da kwat, ga labarin saukarka ƙasar Turawa. Daɗi ya ɗebe ni. Na tara mutane gindin tsamiya, na aika a kira Inna daga layin masu nono. Ta bar ƙwaryarta ta zo ta tsaya daga gefe.

Ka san irin karatuna. Ba malamin da ya zaunar da ni, da tsofaffin littattafanka na koya a bayan shanu. Har yau idona bai iya riga bakina ba, sai kalma ta fita sannan in san abin da na faɗa. Ban duba ba kafin in fara. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Da fari abin gwanin daɗi. Ka ce akwai matakala mai tafiya da kanta. Ka ce ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Ka ce ka ga kare da riga, dattawa suka yi ta salati suna dariya. Ka ce kullum da safe ana ajiye madara cikin kwalba a ƙofar kowane gida, ba mai talla, ba mai sata. Inna ta ce, "To su matan can me suke yi da safiyarsu?" Aka sake fashewa. Ban taɓa ganin ta yi magana cikin maza ba sai ran nan.

Sai na zo inda ma'aikacin kwastan ya buɗe akwatinka. Ga abin da ka rubuta, na haddace shi ba don ina so ba: "Ya ɗago wani ƙunshi da bakin biro yana toshe hanci, daddawa ce da man shanu da kuka. Na ce masa wata tsohuwa ce a ƙauyenmu ta cusa mini, ban ma san da shi ba. Aka jefa shi a kwandon shara. Mutanenmu sai a hankali."

Da bakina, Sada. Da bakina na jefa mata.

Maza suka yi dariya don ba su sani ba. Matan layin nono ba su yi ba, su sun sani. Na tsaya. Inna ta gyara mayafi ta ce, "Ci gaba, Iro, mutane na saurare." Na ci gaba, na karanta yadda Baturiyar da aka sauke ka gidanta take kawo maka shayi har ɗaki, yadda ta zame maka uwa. Inna ta tsaya har na kai ƙarshe, sannan ta koma wajen ƙwaryarta.

Tunda ba ka san da ƙunshin ba, bari in sanar da kai. Kasuwa uku Inna ba ta sayar da mai ba, tana tara maka. Ta soya shi da albasa don kada ya lalace a hanya. Daddawar, da ƙafa ta je Babban Duhu wajen matar da kowa ya san ba mai kama hannunta, don ta ji an ce abincin Turawa ba shi da ɗanɗano. Zanen da aka naɗe su ciki, shi take ɗaurawa in za ta biki. A tashar Safana ka durƙusa ka karɓa da hannu biyu. Ni na ɗora maka akwatin bisa mota. Wa ya cusa maka?

Ba na jin haushin Baturen. Ƙasarsu ce, dokarsu ce, hancinsa ne. Da ka ce masa "na uwata ne" ya zubar, da mun ce haka Allah ya so. Shi hanci kawai ya toshe, kai asali ka toshe. Kuma ba ka bar abin a filin jirgi ba, sai da ka zauna ka gyara shi, ka sa masa gishiri, ka aiko gida don 'yan boko su ce kai ma ka waye. Man da kake wa dariya, da shi aka shafe maka ƙazwa har ka yi fatar sa kwat.

Kwananka arba'in a duniya mahaifiyarka ta rasu, mahaifinka bai kai kaka ba ya bi ta. Inna matar ƙanensa Baffa ce kawai, ba wanda zai zage ta da ta ce ba za ta iya ba. Ta goya ka. Da aka haife ni tana shayar da ni kana maƙale da ɗaya gefen.

Na san abin da za ka ce, don ka taɓa faɗa mini. Za ka ce da dagaci ya aiko dogari a ba da yaro ɗaya daga gidanmu a kai makaranta, ni aka ɓoye cikin rumbu, kai maraya aka miƙa. Gaskiya ne. Ina cikin dawa har wuya ina jin kukanka. Lokacin kowa gani yake wanda boko ya ɗauka ya tafi ke nan, Baffa ya zaɓi wanda zai iya rasawa. In ramuwa kake nema, ga Baffa nan da ransa, rubuta a kansa. Ga ni nan ni ma, rumbun ya ba ni sanda, kai ya ba ka jirgi, ai ka rama. Amma ita? Ita ce ta bi dogarin har bakin gulbi ba mayafi. Kwana biyu ba ta dafa wa Baffa tuwo ba.

Yanzu ta bar zuwa kasuwa. Ka san mutanenmu, sai a hankali, kamar yadda ka ce: sunan ya bi ta. In ta wuce rijiya sai ka ji ana "ga wata tsohuwa nan". Nonon a gida yake tsami.

Shekaranjiya ta kira ni ta ce in ɗauko takarda. Na zaci zagi zan rubuta, har na ji daɗi. Sai ta ce, "Ka ce masa ya yi haƙuri, ban san abin kunya ba ne a can. Ka tambaye shi ko yana cin abinci." Na ce to. Wannan ce takardar da na rubuta. Ran da jarida ta iso wani zai karanta mata, ta san ban cika aike ba. Zan ɗauki wannan ma.

Yaya, ban mance ba. Duk hutu sai ka "mance" da littafi ɗaya ƙarƙashin tabarmata, ba ka taɓa tambayar inda ya shiga ba. Wanda ya yi wannan ba mugu ba ne. Ina jin tsoro ne ya kama ka a gaban layin Turawa, kai kaɗai, cikin sanyi. Tsoron na gane. Rubutun ne ban gane ba. Kana cin abinci kuwa?

Allah ya ba ka abin da ka je nema. Allah ya kare ka daga sanyinsu da kaɗaicinsu, ya dawo da kai ka iske ta da rai, kada ya kama ka da hakkinta, don ita ta riga ta yafe.

Ni ban yafe ba. Kada ka aiko wasiƙa a ɓoye, kada ka aiko turmin atamfa. A bainar jama'a ka kira ta wata tsohuwa, a bainar jama'a za ka gyara. Ban ce ka faɗi sunanta ba, ɗa ba ya kama sunan uwa. A wannan shafin, da sunanka a ƙasa, faɗa wa duniya: mece ce ita a wurinka?

Ƙanenka,
Iro, Zakka.