Hannun Bishof Hieronim

Lipowiec, 3 ga Oktoba, 1974

Ƙanena Witek,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ya sanyi, ya aikin coci?

A bakin mai sayar da kabeji na ji wai kai ne sabon bishof ɗinmu, wai tsoho Hieronim ya ɗora maka hannu ran Talata da ka aike ni kasuwa. Witek, ni ke jinyar mutumin nan tun Ista. Ni ke ba shi miya da cokali, ni ke kore masa ƙuda, don hannayensa biyu sun shanye. Kai da ba ka taɓa damuwa da cikin kowa ba, ranar ka matsa sai na je na sayo masa kifi. Ruwa ba ya tsami banza. Wa ya ɗaga hannun?

Yayarka,
Bronka

Dębinki, 9 ga Oktoba

Yaya Bronka,

Salama da alheri su tabbata gare ki.

Kin san tun da kakanninmu suka rabu da Roma, ba mu da wata hujja sai wannan: bishof ya ɗora hannu a kan na bayansa, shi ma ya ɗora wa wani. Hieronim ne kaɗai ya rage mana. In ya rasu bai ɗora wa kowa ba, babu mai naɗa fada, wato limamin coci, cocinmu bakwai sai a sa musu kwaɗo. Hannunsa ya taɓa kaina, an karanta addu'ar, idonsa biyu. Dattawa za su zauna bayan Idin Tsarkaka, kuma ke za su tambaya. Ki tuna da ɗanki Staszek da ya gama karatu yana jiran a naɗa shi fada.

Naki cikin Almasihu,
Witold, Bishof

Lipowiec, 15 ga Oktoba

Witek,

Ina gaisuwa. Na ga har sa hannunka ya canza.

Na tambaye ka wa ya ɗaga, ka ba ni tarihin da ni na koya maka a kicin. Kuma ka sako Staszek a ciki, wannan ya yi mini ciwo. Na tambayi tsohon da kaina, na ce in da yardarsa aka yi ya ƙifta ido. Ya zuba mini ido kawai, hawaye na bin kunnensa. Na rasa na murna ne ko na baƙin ciki.

Ya rasu jiya da hantsi. Da muka zo harɗe masa hannu a ƙirji, sai da muka haɗu mu biyu, ni da wata maƙwabciya, kafin hannun ya ɗagu.

Allah ya tsare,
Bronka

Lipowiec, 4 ga Nuwamba

Witek,

Ka ji abin da na gaya wa dattawa: ina kasuwa, ban ga komai ba. Ban yi ƙarya ba, barci kuma ban samu ba.

Ran Lahadi za ka naɗa Staszek, zan zo in zauna a gaba. Amma in an fito, kada ka miƙo mini zobenka na bishof in sumbata. Ka wuce ni kawai.

Yayarka har gobe,
Bronka