Ba Zan Bi Mani Bakin Kwalta Ba

Da sunan Allah. Ni Gide ɗan Almu, mazaunin tsohon gari yamma da Yankara, na bar wannan wasiyya ga 'ya'yana Sha'ibu da Hadi da Barakatu. Ƙafafuna sun kumbura, amma hankalina garau yake, kada wani ya ce ciwo ne ke magana.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba. Ku kira liman ya ba kowa rabonsa, har mahaifiyarku. Roƙona kawai, kada gonar fadama ta shiga hannun ƙanena Mani, ko da aro ne.

Na biyu, zancen ƙaura. Da kuɗin fetur suka ɓarke aka shimfiɗa kwalta, dagaci ya tara mu a kan ko gari zai koma bakin titi. Mani ya miƙe gaban manya ya yi ta zuba, wai rijiyoyinmu na ƙafewa da rani, wai mai naƙuda sai ta sha jaki kafin ta ga mota. Na ce garin da kakanni ke kwance ba a juya masa baya, na kaɗe rigata na fita bai gama ba. Yaron da na goya ba zai koya mini inda zan kwana ba. Na hana a ɗaga zancen a zaurena, kuma ko yau aka maimaita haka zan yi.

Aka bi shi. Gida-gida aka kwashe, har ladan. Yanzu Mani na da gidan kwano da injin niƙa, ya je Makka ya dawo, direbobi daga Ƙanƙara har Sabuwa suna tsayawa gaishe shi. Ni da zaurena ke cika tun hantsi, yau kaji ke taya ni hira. Ina kishinsa, ba na ɓoyewa. Arzikin bai dame ni sosai ba. Abin da ke cina, duk mai neman shawara yanzu ƙofarsa yake nufa.

Na uku. Hadi, na san ka buga bulo a filin da Mani ya ba ka a bakin titi. Na san can kake cin tuwo ranar kasuwa, kuma gabansa kake sakin baki kana dariya. Ni na haife ka, shi ke jin cikinka. Kai na yafe maka. Shi ne dai ban gama da shi ba.

Na huɗu. Sha'ibu, kai ne ka tsaya tare da ni, ban sani ba ko ra'ayinka ne ko tsorona, don ban taɓa tambayarka ba. Barakatu, kin sha ɗaukar tulu daga nesa ba ki ce uffan ba. Bayan sadakar bakwai ku zauna da mahaifiyarku, kowa ya faɗi abin da ke ransa, kada wani ya tashi sai na ƙarshe ya rufe baki. Ba na nan balle ku kalli fuskata. In zama ne ku zauna duka, in tashi ne ku tashi duka, kada gidana ya rabu biyu. Amma ban da Mani a wannan zama. Ba na so ya zaga kasuwa yana cewa shi ya ci.

Na biyar. A rufe ni nan kusa da Baba. Na ji sun yanki maƙabarta a sabon gari, to ba zan kwanta manyan motoci na girgiza ni ba. Mani ya sha faɗa cewa ciyawa za ta cinye hanyar tsohon gari, ba mai sake taka ta. Ku aika masa da wuri. Ya bar motarsa a bakin kwalta ya tako da ƙafarsa, ku ba shi gaban makara, shi zai sa ni a kabari. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ba wanda ya fi shi cancanta. Kuma ina so, ko sau ɗaya ne, shi ya biyo ni.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu sauraronku. Ku riƙe juna, ku riƙe mahaifiyarku. Ni da Mani kuwa, Allah ya yafe mana.