Rabin Ludayin da Kika Bar Mini

Zuwa ga mahaifiyata, Mma Azumi mai koko ta Maamobi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya haskaka makwancinki, ƙara na kawo, kuma ƙararki ce.

An sake ƙara kuɗin fetur, Mma. Rediyo ya ce wai can a ƙasashen Larabawa ya yi tsada. To ni ina ruwana? Fetur nake damawa a tukunya? Amma kafin la'asar mai gero ya ce lorin da ke kawo kaya daga Bawku ya ƙara kuɗi, banki ma ya ƙara masa kuɗin ruwa, don haka mudu ya tashi. Mai injin niƙa ya ƙara. Mai gawayi ta ƙara. Har mai citta, wadda a ka take ɗauko kayanta, ita ma wai fetur! Ran da aka ce ya sauka kuwa, wallahi ba wanda ya taɓa rage mini ko kwabo.

Kowa ya sami wanda zai ɗora wa nauyin, sai ni. Masu sayena 'yan dako ne, in na ƙara kuɗi su tafi aiki da cikinsu wayam.

Duk masu koko a layinmu sun daina gyara. Ni ce kika bari da wahala. Ina tuna yadda kike zuba wa mutum, ki mayar da ludayi ki ƙara masa rabi, kina ce mini, "Wanda bai janye kwanonsa ba, kada ki bar shi a tsaye." Kin faɗi haka lokacin da kuɗinmu, sidi, yake sidi. Yanzu wannan rabin ludayin shi ne duk ribata. In na ci gaba, tukunyarki ba za ta kai azumi a kan murhu ba. Shi ya sa na ƙudurta na daina.

Jiya Baba Seidu direban trotro, motar hayar nan, wanda kika sani tun yana yaron mota, ya ƙara mini kuɗin zuwa kasuwar Tudu, har buhuna sai da ya karɓi kuɗinsa, ko kunya. Da na yi magana, ya nuna mini layin gidan mai da baki.

Yau da safe sai ga shi da kwanonsa! Na zuba masa daidai kuɗinsa, na haɗe rai, na kau da kai. Bawan Allahn nan ya ƙi tafiya. Ya tsaya, kwano a miƙe, yana kallon ludayinki mai ɗaurin waya a wuya. Ya rame, Mma. Ban san lokacin da hannuna ya koma tukunya ba.

Kin san abin da ya fi ƙona mini rai? Ko sannu bai ce mini ba. Ke ya yi wa addu'a, da sunanki, har mutanen layi suka amsa amin. Ni ke asarar gero, ke ke kwasar addu'a.

To, Allah ya kai miki ita har kabari, ya yi miki gyara a mizani yadda kika yi wa mutane. Ni kuma ya ba ni geron gobe, don na san Seidu zai dawo.

'Yarki mai fushi da kewarki,
Memuna