Hannun da Suke So Ta Sake Sumbata

Zuwa ga uwarmu mai ba da shawara, Bu Kinasih,

"Duk ɗalibar da ta kawo ƙorafi a tsangayar nan, ba za ta ƙara tsayawa gaban wanda ta kai ƙara ba, kuma cikin kwana bakwai takardarta za ta isa kwamitin jami'a. In na saɓa, ku tuna mini a bainar jama'a." Shugaban tsangayarmu ne ya faɗi haka, zan kira shi Pak Wiryawan, wato Malam Wiryawan, a gaban sababbin ɗalibai ɗari huɗu, yana walƙiya cikin sabuwar rigar batik, mu kuma muna tafi. Ni na rubuta masa rabin jawabin. Yau kwana talatin da huɗu takardar wata yarinya tana cikin durowarsa. Don Allah ki taimake ni, domin ina dab da yin wani abu, kuma na kasa gane ko daidai ne ko haushi ne kawai.

Shekarata hamsin da biyu, ashirin da biyar daga ciki ina koyar da adabi a wata jami'a a nan Jawa ta Tsakiya. Yarinyar, mu ce sunanta Nastiti, tana shekarar ƙarshe. Kin san katin nan da mai duba kundin ɗalibi yake sa wa hannu duk ganawa, sai ya kai takwas a bar ka ka kare kundinka. Nata yana da shida. Mai duba ta, wani farfesa da zan kira Pak Sudarmaji, yana son ganawar Juma'a da la'asar, lokacin da ma'aikata suka watse, kuma yana kulle ƙofa, wai kada sanyin na'ura ya fita. Ranar ganawa ta bakwai, da suka gama, ta sunkuya ta kama hannunsa za ta kai goshinta, kamar yadda aka koya wa kowane ɗanmu ya yi wa malaminsa. Sai ya riƙe hannun, ya fizgo ta jikinsa, ya kai ɗaya hannun inda ba zan rubuta ba. Da ta ƙwace, bai ko tashi daga kujera ba. Ya ce, "Haba Nduk, yarinyata, kamar ba uba da 'ya ba? Saura sa hannu biyu fa, ki yi tunani."

Ofishina ta zo kai tsaye, ta faɗa mini komai. Ni ce na ce ta rubuta. Ni ce na karanto mata alkawarin shugaba daga wayata, na kama hannunta har ƙofarsa.

Makon jiya na je tambayar inda aka kwana. Ya yi murmushin nan nasa mai laushi ya ce, "Bu, muna azumi, kada mu zubar da ladanmu. Za mu warware ta a cikin gida, ai mu duka dangi ne." Kin san me suka shirya? Sun buga takarda, sun manna mata kan sarki, wai Nastiti ta sa hannu cewa rashin fahimta ne kuma ta yafe. Sannan a taron halal bihalal, inda malamai ke jeruwa bayan Sallah ɗalibai su bi layi ana yafe wa juna, ta bi layi kamar kowa, ta sunkuya ta kai hannun Pak Sudarmaji goshinta. Hannun nan dai. Daga nan sai ya cika mata kati, a ci ketupat, dunƙulen shinkafar nan ta Sallah, da miyar kaza, a ɗauki hoto don shafin tsangaya.

Na ce masa, "Pak, wane dangi ne wannan da ake kulle ƙofa?" Ya ce, "Matsalarki Bu, kin cika karanta littattafai." Gaskiya ne, na karanta, kuma ban taɓa cin karo da azzalumin da ya kai mai murmushi ban ƙyama ba. Sakatariyarsa ma har da bi na waje tana raɗa mini wai a duba irin mayafin da yarinyar take yafawa. Mayafin har gwiwa yake, amma ko da ba ta yafa komai ba fa?

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce wata ɗaliba ta zo mini da kuka a kan Pak Sudarmaji ɗin nan. Na haɗa mata shayi mai zaƙi, na ce ta daure, saura wata biyu. Ba ta daure ba, ta bar makarantar, ban kuma neme ta ba. Matarsa ƙawata ce, tabarma ɗaya muke zama a karatun mata na unguwa, ita ta yi jinyata da aka yi mini tiyata. Duk Laraba a wurin karatun sai in dube ta in ji ƙyamar kaina ta fi ta mijinta.

Nastiti ta daina cin abinci ko an sha ruwa. Mahaifiyarta a ƙauye ta riga ta ɗinka kebaya, rigar adon da za ta sa ranar yaye, ba ta san komai ba. Ana rufe rajistar kare kundi ƙarshen watan Sallah. Jiya ta turo mini saƙo: "Bu, ko in sa hannun kawai in huta?"

To ga shawarar da na yanke. Ana buɗe ofis ranar Laraba bayan hutu. Na ba Pak Wiryawan zuwa Juma'a kafin kiran salla ya kai takardar kwamiti. In bai kai ba, ranar Litinin ni ce mai gabatarwa a taron yafiyar, kamar kowace shekara. Zan ɗauki makirufo, in karanta alkawarinsa, sannan in karanta ƙorafin Nastiti daga farko har ƙarshe, kafin kowa ya taɓa ketupat ɗinsa. In sun kore ni, sun kore ni.

Malama mai tashin zuciya

Amsa

Malama, sai da na ajiye wasiƙarki sau biyu kafin na iya ƙarasa ta. Abin da aka yi wa yarinyar nan laifi ne, abin da ake shirya mata kuma laifi na biyu ne. Yafiyar Sallah abu ne mai kyau, amma hakkin wanda aka zalunta ne, ya bayar in ya ga dama. Ba shugaban tsangaya ke tsara ta a jadawali ba.

Sai dai akwai abu guda da ba zan goyi bayanki a kai ba. Ƙorafin nan na Nastiti ne, ba naki ba. An riƙe hannunta ba da yardarta ba, kada ke ma ki ɗauki labarinta ki shimfiɗa gaban tsangaya gaba ɗaya ba da yardarta ba. Ko ba ki faɗi suna ba, kafin a kwashe kwanuka kowa ya san ko wace ce. Ke za ki sauke nauyin shekara goma sha ɗaya, ita za ta ɗauka. A duk wasiƙarki ban ga inda kika tambaye ta me take so ba. Ki fara da nan, yau. Ki je da abinci, ki zauna, ki saurara. Ki gaya mata kada ta sa hannu a komai sai wata lauya ta gani. Akwai ƙungiyoyin mata da ke ba da wannan taimako, su za su bayyana mata abin da doka ta ce game da sasanta irin wannan laifi a bayan fage, su kuma haɗa ta da mai ba da shawara kan damuwa.

Na biyu, me ya sa kike jiran durowar mutum ɗaya? Kwamitin jami'a yana da ƙofarsa. In Nastiti ta amince, ku kai kwafin takardar da kanku ranar Laraba, ku karɓi shaidar an karɓa. Ku adana duk saƙon da farfesan ya taɓa turo mata, hoton katin, da hoton takardar nan mai kan sarki, domin ita kaɗai ta isa ta nuna abin da aka so a binne. A rana guda ku nemi a canja mata mai duba kundi, a rubuce, ki kuma ce kin shirya karɓarta. Sa hannu biyu ya rage, kuma ke ma kina da biro. Ki rubuta naki bayanin game da ɗalibar farko ki ba kwamiti, ba tare da sunanta ba. Ƙawarki za ta ji zafi, wataƙila ki rasa ta. Ba zan ɓoye miki wannan ba.

Wa'adinki kuwa, ki bar shi yadda yake. In Juma'a ta wuce shugaba bai motsa ba, ki karanta alkawarinsa ranar Litinin, shi kaɗai, ki ƙara da cewa an saɓa shi. Maganarsa ce, shi ya ce a tuna masa a bainar jama'a. Nastiti kuma ta yi zamanta a gida. Ke in layi ya kawo ki gaban farfesan, ki haɗa hannuwanki a ƙirji ki wuce. Mutanenmu sun iya karanta wannan.

Allah Ya ba ta lafiya da nutsuwa, Ya nuna wa mahaifiyarta ranar da za ta sa kebayarta. Ke kuma Ya ƙarfafa miki gwiwa. Barka da Sallah tun yanzu.

Bu Kinasih